Wanda Ya Sa Hannu a Layi na Sha Huɗu

Litinin, uku ga wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya ƙaramar da tarin da kika ce tana yi? In tana cin abinci tana wasa, ki ƙyale ta, kada ki bari a ɗura mata magani don kawai an ga hankalinki ya tashi.

Na san za ki ce me ya hana ni ɗaukar waya. A waya ke ce mai magana, ni nawa "to" ne da "na ji". A takarda kuwa dole ki bar ni in kai aya. Na sauko da tafiretar mahaifiyarki daga kan kwaba, tunda rubutun hannuna ya kai inda ni kaina ba na iya karanta shi. Da yatsa ɗaya nake bugawa. In kin ga harafi ya fito sau biyu, rawar hannun ce.

Na ji sharaɗinki. In ƙarshen wata ya yi ban iya hawa benen nan da ƙafata ba, za ki turo mota a kwashe ni zuwa ɗakin da kika gyara mini kusa da kicin ɗinki. Allah ya yi miki albarka. Amma shekarata talatin da huɗu a ɗakunan nan biyu. Matakala arba'in da biyu ce, mahaifiyarki ce ta fara ƙirga ta ranar da muka tare, tana ɗauke da cikinki. Kujerarta na nan a bakin taga inda ta bar ta. Ba na son tashi.

Gwiwar hagu ce dai. Ruwa ne ya taru a ciki, ba ta yi ja ba, ba ta da zafin taɓawa, ba ni da zazzaɓi. Tsufan gaɓa ne. Aikin minti goma ne: a goge fata, a kashe wurin, a sa allura ta gefen ƙoƙon gwiwa, a zuƙe ruwan. Na yi wa mutanen da ba zan iya ƙirgawa ba, na kuma shekara ashirin da biyu ina koya wa likitocin iyali yadda ake yi.

Ranar Alhamis mai askin da ke ƙasan bene ya rufe shagonsa ya sauko da ni. Kusan rabin awa muka yi a matakala, yana ce mini da ya san nauyina haka yake da ya karya kumallo sau biyu. Muka je ƙaramin asibitin ƙarshen layi. Benci uku, fanka ɗaya mai kuka, talabijin a kunne babu murya. Likitar mace ce, sa'arki ko ta ɗan girme ki, mai tabarau. Ina shiga ta miƙe tsaye ta kira ni Malam. Ta taɓa gwiwar yadda ya kamata, ta danna ƙoƙon ta ji yana iyo, ta faɗi abin da na riga na sani. Har na fara jin daɗi. Sai na ga ta jawo takardar turawa, za ta aika ni wurin likitocin ƙashi a babban asibiti. Ta yi waya, aka ce sai nan da mako bakwai.

Na tambaye ta ko babu sirinji a asibitin, ta ce akwai. Allura fa, ta ce akwai. Na ce to hannu ne babu ke nan. Ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwar nas da ke naɗe bandeji a gefe ta ce baba a yi haƙuri, ban saurare ta ba. Na ce a zamaninmu wanda bai iya ɗinke rauni ba, bai iya tsaga ƙurji ba, bai iya mayar da kafaɗar da ta goce ko ciro ƙwayar wake daga hancin yaro ba, ba a kiransa likitan iyali. Na ce yanzu an mayar da su masu yankan tikiti a tasha, kowa ya zo a nuna masa motar da zai hau. Likitar ta ƙarasa rubutunta. Ta miƙo mini takardar da hannu biyu.

Ga inda aka kai mu. Ni na zo na ɗaya a ajinmu tun daga shekarar farko har muka fita. Waɗanda suke kwafar amsa a bayana su ne yau sunayensu ke manne a ƙofofi, su ne ake jira mako bakwai. Ni da na zaɓi in zauna inda talaka yake fara zuwa, agogon bango aka ba ni ranar sallama, shi ma kullum baya yake ja.

Mako bakwai ya wuce ƙarshen wata, na san kin riga ni lissafawa. Ki ba ni lokaci tukuna.

Ki gaida maigidan da yaran.

Mahaifinki


Laraba, sha biyu ga wata

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kuna lafiya, aiki kuma da sauƙi. Na ji daɗi da tarin ya tafi da kansa, ban ce na faɗa miki ba.

Kin ce na ci zarafin yarinyar mutane a gaban nas ɗinta. Wataƙila. Amma ki bari in gaya miki abin da ya fi cin zarafi.

Tun ranar da muka dawo ban sake sauka ba. Na ɗaura igiya a kwandon cefanen mahaifiyarki, da safe in zura ta taga, mai aski ya sa mini burodi da madara da abin da ya samu, in jawo. Ya ce ya yi aski shekara ashirin, bai san zai ƙare da kiwon tsuntsu a saman bene ba. Tasa ce kaɗai muryar da nake ji a yini in ban da taki. Sauran lokacin ina zaune a kujerar taga, ƙafa a miƙe bisa matashi, ina kallon masu sayen taya a shagon da ke tsallake. Ɗalibai nawa suka bi ta hannuna? Babu wanda ya san ko ina da rai.

Shekaranjiya na yi wauta, gara ki ji daga bakina. Na buɗe tsohuwar jakata, na shimfiɗa tawul a gado, na jera auduga da aidin da sirinji sabo a ledarsa. Na ce tunda babu mai yi, ni zan yi wa kaina. Na shafa aidin, na laluba wurin da babban yatsa, na same shi nan take, yatsa bai manta ba. Da na ɗauki allurar sai bakinta ya shiga rawa kamar na keken ɗinki. Na riƙe hannun dama da na hagu, suka haɗu suna yi tare. Na mayar da murfin da ƙyar. Na daɗe zaune ina kallon gwiwa mai launin aidin. Kada ki damu, ban soki kaina ba, kuma ba zan sake ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Kowane likitan iyali yana da littafin horo. A ciki an jera ayyukan hannu da dole ya iya kafin a sake shi a kan jama'a, kowane aiki da layinsa: ɗinki, sa robar fitsari, ɗaurin karaya, cire farcen da ya shige nama, karɓar haihuwa, har zuƙe ruwan gwiwa, shi ne layi na sha huɗu, ban manta ba. A gaban kowane layi akwai gurbin da malami zai sa hannu. Sa hannun nan ba yana nufin ɗalibi ya karanta ba, ko ya tsaya ya kalla. Yana nufin ya yi da hannunsa a gabana, na gani, na yarda a bar shi da mahaifiyata. To wannan likitar tana da shaidar gamawa a bango. Ke nan wani ya sa mata hannu a layi na sha huɗu, alhali ba ta taɓa yi ba.

Kin tuna kina ƙarama, teburin cin abincinmu cike da ɓawon ayaba da aka ɗinke? Ɗalibaina ne. A kansa suke koyon ɗinki kafin su taɓa mutum, a lemo kuma suke koyon allura. Mahaifiyarki tana cewa gidanmu ne kaɗai ake yi wa ayaba tiyata. Ranar da ɗalibi zai yi na farko a jikin mutum, nakan ɗora hannuna a kan nasa, mu shiga tare. Na biyu in tsaya a bayansa. Na uku in tsaya a ƙofa. Sannan in sa hannu.

Na buga 'yar takarda na zura a kwando, mai aski ya kai mata. Na ce ina son sunan malamin da ya sa mata hannu. Zan rubuta wa hukumar horo a kansa, ko da ita ce takardar ƙarshe da zan buga.

A shafa mini kan yaran.

Mahaifinki


Asabar, sha biyar ga wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ni ma da sauƙi. Sau uku nake sa takarda a tafireta ina zarewa, wannan ce ta huɗu.

Likitar ta zo jiya bayan la'asar, da ta tashi daga aiki. Na ji tafiyar da ban sani ba tana hawowa, ta tsaya tana haki a ƙofa. Ta yi sallama, ta ƙi zama a kujera sai da na matsa. Ta ciro littafin horonta daga jaka, shuɗin bangon ya koɗe, ta buɗe shafin da kanta ta ajiye mini a cinya.

Ni ne, Uwata. Sa hannuna ne a layi na sha huɗu. Wutsiyar harafin ƙarshe tana karkarwa, ko makaho ya shafa zai san hannun ba lafiya yake ba.

Ta ce tana cikin rukunina na biyun ƙarshe, su goma sha biyu ne, ita ce mai tsayawa kusa da ƙofa, saboda gajarta ba ta hangen komai. Ta ce wata ranar Alhamis na nuna musu hoton gwiwa a allo, na yi bayani mai kyau har ta rubuta shafi uku, sannan na ce ai kun gane, ku kawo littattafanku. Na sa hannu a goma sha biyun a zama ɗaya. Muka bi shafukan tare. Layi tara ne nawa a littafinta, duka ba ta taɓa yin ko ɗaya a gabana ba. Ba da zafi ta faɗa ba. Ta ce ta ɗauka na gane ta tun ranar farko, shi ya sa ta kasa ɗaga kai.

Ban gane ta ba. A shekarun nan ba na kallon fuskar kowa, hannuna nake tsaro.

Yau zan gaya miki abin da mahaifiyarki kaɗai ta sani, ta kuma tafi da shi. Kin ɗauka rawar hannun bayan na bar aiki ta fara. Shekara biyu kafin nan ta fara. Ranar farko ina ɗinke goshin wani leburan gini, na ga zaren yana kaɗawa. Daga nan na koma yawo da hannuwa a aljihun farar riga. Mahaifiyarki ce take sa mini maɓallan riga da safe, ta ce in je in faɗa, na ce sai wata mai zuwa. Da na faɗa da an zaunar da ni a ofis, ko a sallame ni, waɗanda suke kirana likitan mura da ciwon kai su sami abin dariya. Da na kira wani ya nuna wa ɗaliban a madadina, da an tambayi dalili. Sai na zaɓi hoton allo da biro. Na gaya wa kaina cewa yara ne masu ƙwaƙwalwa, za su koya a gaba. Rukuni biyu suka fita a haka.

Shekara shida ke nan ina zaune a taga ina zagin zamani. Na zagi hukuma, na zagi 'yan ajinmu, na zagi yaran yanzu. Ban taɓa sa kaina a jerin ba.

Ban ba ta haƙuri ba, bakina ya ƙi. Na ce zan haɗa mata shayi, na zubar da rabinsa a tire, ta karɓa ta ƙarasa. Ta ce wasu ayyukan ta koye su daga baya a wurin tsohuwar nas ɗin nan, wasu kuma har yau turawa take yi, kuma duk wanda ta miƙa wa takardar turawa ta san rabinsu ba za su je ba, gida za su koma su zauna da ciwonsu. Na ce to ga gwiwa. Ta ce ba za ta fara a ƙafar malaminta ba. Na ce ba za ta taɓa samun ƙafar da ta fi wannan ba, don wannan tana da bakin da zai gaya mata hanya. Ta yi dariya kaɗan, ta ce sai ta yi tunani.

Da ta fita na ƙirga saukarta har arba'in da biyu. Littafin ta manta shi a kan gado, ko ta bar shi da gangan, ban sani ba. Yana nan kusa da tafireta.

Takardar da na ce zan rubuta wa hukuma, ban fasa ba. Sunan da zan sa ne ya canja.

Ki yi mini addu'a.

Mahaifinki


Laraba, ashirin da shida ga wata

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ga kiranki har sau biyar bayan takardata ta ƙarshe. Ban ɗauka ba don ban san da muryar da zan amsa ba. Saƙon da kika bari wurin mai aski ya iso, ya faɗe shi ta taga duk layi na ji, cewa har yanzu ni ne babanki. Na gode.

An yi. Ranar Talatar makon jiya likitar ta aiko cewa in zo da safe kafin layi ya taru. Mai aski ya sake sauko da ni. Na kwanta a gadon duba marasa lafiya, mai ledar da ta tsage a gefe. Nas ta naɗe tawul ta sa mini a ƙarƙashin gwiwa tun ban ce ba, ta ce baba yau bakin nan zai yi amfani. Na ce likita ta laluba kusurwar ƙoƙon ta sama, ta wajen waje, ta matsa faɗin yatsa sama, faɗin yatsa gefe, ta yi alama. Ta goge wurin sau uku, ta sa safar hannu, ta kashe fatar. Gumi ya sa tabaranta yana zamewa, nas tana tura mata shi da bayan hannu.

Da can a nan ne nake ɗora hannuna a kan na ɗalibi. Na ɗaga shi, na ga yadda yake, na mayar na danne a ƙarƙashin cinyata.

Shigar farko ta ci karo da ƙashi. Na ji shi har cikin haƙorina. Ta tsaya cak, ta ce za ta fitar, a bar wa likitocin ƙashi. Na ce kada ta fito, ta ɗan ja baya, ta kwantar da allurar ta nufi ƙarƙashin ƙoƙon, kuma kowa ya taɓa cin karo da ƙashin nan, ni sau biyu na yi a rana ɗaya. Ban taɓa gaya wa ɗalibi haka ba. Ta ja baya, ta kwantar, ta tura. Sai ga ruwa yana hawowa cikin sirinji, rawaya garau, babu gurɓata babu jini. Sirinji uku ta cika. Na ce ta ɗaga shi a haske ta kalla da kyau, domin ranar da ta ga ya yi duhu kamar ruwan wanki, ko gwiwar ta yi ja da zafi, wannan ba na jira ba ne. Ta aika da shi ɗakin gwaji, sakamako ya dawo babu ƙwayar cuta.

Na miƙa mata littafinta na ce ta ba ni biro in soke tsohon sa hannun. Ta ce a'a, a bar shi, in sa sabo a gefensa da kwanan watan ranar. Na sa. Ya fi na farkon muni nesa, amma wannan na gaskiya ne.

Saura layi takwas. Biyar ta iya su, sai dai in gani da idona. Uku ba ta taɓa ba. Mun yi da ita duk Talata zan je in zauna a kujerar kusurwa, hannuwa a cinya, in ta sami mai irin ciwon kuma ya yarda, in yi mata baki. Jiya na je, ba a sami kowa ba sai masu mura. Na zauna har azahar na dawo.

Takardar hukuma ta tafi ranar Juma'a. Na rubuta shekarun, na ce a nemo sauran ashirin da ukun a duba abin da suka iya. Na so in jera sunayensu, na zauna da tafireta yini guda, huɗu kawai na tuna. Suna can wasu garuruwa da sa hannuna a jakunkunansu. Wannan babu allurar da za ta zuƙe mini shi.

Yanzu maganarmu. Jiya da na dawo na hau benen ni kaɗai, da sanda, mai aski yana ƙasa yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai gwanjo. Na huta a ta sha biyar, na huta a ta talatin. Na kai arba'in da biyu. Ba zan ɓoye miki ba, ruwan yana iya dawowa nan da wata biyu ko uku. In ya dawo, akwai mai zuƙe shi a ƙarshen layi.

Saboda haka kada ki turo motar kwasar kaya. Amma ke ki zo, ko na kwana biyu ne, ki ga hawan da idonki, kada ki yarda da maganata kawai. Kujerar taga babu wanda ya zauna a kanta sai ni tun rasuwar mahaifiyarki.

Ki gaida maigidanki, ki gaida yaran, ki ce wa ƙaramar ta tara mini ɓawon ayaba. A ƙasa zan sa hannu da biro, ki yi haƙuri da yadda zai fito.

Mahaifinki